Gayyar Rubuta Jagorar DSSSL: Tarihinta da Darasinta ga Marubuta

Gabatarwa

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa mun ga ya dace mu waiwaya zuwa ga wata gayya da aka kira a shekarar 1997, wadda ko da yake ba noma aka taru yi ba, ba kuma yashe rijiya ko ɗaukar jinka ba, ta ƙunshi duk wani hali na gayya da muka sani, tun daga zumuɗin ranar kira har zuwa sanyin jikin da kan biyo baya idan rana ta take. Abin da aka taru yi shi ne rubuta littafin jagora ga wani harshe na kwamfuta mai suna DSSSL, wanda masu amfani da shi ke furtawa kamar "disal". Masu gayyar kuwa mutane ne da ke warwatse a ƙasashe daban-daban, ba wanda ake biya ko sisin kwabo, kuma kowa na da aikin da yake ci da kansa.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa mujallar adabi da harshen kwamfuta? Amsarmu biyu ce. Ta farko, shi wannan harshe domin littattafai aka ƙirƙiro shi, wato domin hidimar marubuta da maɗaba'a. Ta biyu kuwa, matsalar da masu gayyar suka ci karo da ita tamu ce ta yau da kullum: yaya za a yi mutane da yawa, kowa da uzurinsa, su haɗu su rubuta littafi guda, kuma a ga ƙarshensa? Duk ɗan ƙungiyar da ya taɓa zama a kwamitin tattara gajerun labarai ko waƙoƙi ya san nauyin wannan tambaya.

Mene ne Harshen Fasali?

Kafin zuwan kwamfuta, idan marubuci ya miƙa rubutunsa ga maɗaba'a, edita kan ɗauki alƙalami ya bi shafi-shafi yana sa alamomi a gefe: wannan layi kan babi ne, a sa shi tsakiya da manyan haruffa, wannan baiti ne, a shigar da shi ciki, wannan sunan littafi ne, a karkatar da haruffansa. Mai jera haruffa sai ya bi waɗannan alamomi. A nan akwai abubuwa biyu da suka cakuɗe. Akwai faɗin abin da wani yanki na rubutu yake, kamar a ce wannan kan babi ne. Akwai kuma faɗin yadda za a fito da shi a takarda, kamar a ce a sa shi tsakiya. Na farko na marubuci ne, kuma ba ya sauyawa ko sau nawa aka buga littafin. Na biyu na maɗaba'a ne, yana iya sauyawa daga bugu zuwa bugu.

Masana harkar ɗab'i da kwamfuta sun lura cewa idan aka raba waɗannan abubuwa biyu za a huta da wahala mai yawa. Sai a ajiye rubutu da alamomin da ke nuna matsayin kowane yanki kawai, sannan a rubuta umarnin ɗab'i a wata takarda dabam. Wannan takarda ta biyu ita muke kira takardar fasali, harshen da ake rubuta ta da shi kuma harshen fasali. Misalinsa kamar yadi ne da tela: yadin ɗaya ne, amma ana iya ɗinka riga ko kaftani da shi gwargwadon awon da aka bayar. Idan littafi na da babi 40 aka so a sauya kamannin kan kowane babi, ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba, layi guda za a gyara a takardar fasali, duka su sauya.

Da yawa daga cikinmu sun ɗanɗana kuɗar rashin wannan rabuwa. Wanda aka buga masa littafi a kwamfuta a shekarun 1990 da wani samfurin haruffa na musamman domin a samu ƙ da ɗ da ɓ, ya san abin da kan faru idan aka buɗe rubutun a wata na'ura da ba ta da wannan samfuri: haruffa masu lanƙwasa su rikiɗe su koma wasu alamomi marasa ma'ana. Dalili shi ne an jingina ma'anar rubutun a kan tufafinsa.

Daga SGML zuwa DSSSL

Tushen wannan tunani yana komawa ne zuwa shekarar 1969, lokacin da wasu ma'aikatan kamfanin IBM su uku, Charles Goldfarb da Edward Mosher da Raymond Lorie, suka ƙirƙiro wata hanyar sa wa rubutu alama mai suna GML. Daga ita ne aka samu SGML, wanda Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya, wato ISO, ta amince da shi a 1986 a ƙarƙashin lamba 8879. Manyan masu tara takardu, irin su ma'aikatar tsaron Amurka da kamfanonin jiragen sama da maɗaba'un littattafan ilimi, suka rungume shi, domin kuwa littafin gyaran jirgi kan fi na'urar da aka rubuta shi da ita tsawon rai.

Sai dai SGML rabin aiki ya yi. Yana iya cewa wannan babi ne, wancan sakin layi ne, amma ba ya cewa komai game da yadda za su fito a shafi. Kowane kamfani sai ya ƙirƙiro nasa harshen fasali, wanda ba ya aiki sai a manhajarsa. Wannan ne ya sa ISO ta ɗauki aikin samar da harshe guda da kowa zai yi tarayya a kai. An fara aikin a 1988, amma bai kammala ba sai a 1996, lokacin da aka fitar da DSSSL a ƙarƙashin lamba 10179. Daga cikin waɗanda suka yi ɗawainiyarsa akwai Sharon Adler da Anders Berglund, sai kuma wani Baturen Ingila mai suna James Clark, wanda za mu sake cin karo da sunansa a gaba.

DSSSL yana kallon rubutu ne a matsayin bishiya: littafi shi ne gindi, babi-babi su ne rassa, sakin layi kuma ƙananan rassa. Mai rubuta takardar fasali zai kafa doka ga kowane irin reshe, ya ce duk inda aka haɗu da kan babi a buɗe sabon shafi, a yi amfani da harafi kaza mai girma kaza, a bar tazara kaza a ƙasansa. Na'ura sai ta bi bishiyar daga gindi zuwa ganye tana zartar da dokokin. Harshen yana da ɓangare na ƙawata shafi, yana kuma da ɓangare na juya rubutu daga wani tsari zuwa wani. Bugu da ƙari, cikakken harshen lissafi ne, domin an gina shi a kan Scheme, wani reshe na harshen Lisp da Guy Steele da Gerald Sussman suka ƙirƙiro a cibiyar MIT a 1975. Saboda haka yana iya ƙirga babi da kansa, ya tattara ƙunshiya, ya jera bayanan ƙasan shafi. Amma wannan ƙarfi nasa shi ne kuma ya zama masa kaya, domin duk umarni a Scheme cikin baka-biyu ake sa shi, baka-biyu a cikin baka-biyu, har mai koyo ya rasa inda wani ya buɗe da inda wani ya rufe.

Harshe Ya Samu, Malami Babu

Harshen kwamfuta ba ya amfani sai da manhajar da za ta zartar da shi. A shekarar da aka fitar da DSSSL, James Clark ya rubuta irin wannan manhaja ya sa mata suna Jade, ya kuma bayar da ita kyauta ga duk mai so. Da Jade, mutum zai ɗauki rubutunsa na SGML da takardar fasali, ya fitar da shi a tsarin RTF da manhajar Word ke karantawa, ko a tsarin TeX domin ɗab'i mai kyau, ko a HTML domin yanar gizo. Rubutu guda, tufafi uku. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani, domin manhajojin SGML na kamfanoni suna da tsadar da ɗalibi ko ƙaramar maɗaba'a ba za su iya ba.

To amma a ina mutum zai koyi harshen? Abin da ake da shi shi ne kundin ISO kansa, wanda ba domin koyarwa aka rubuta shi ba. Kundin ƙa'ida kamar kundin shari'a yake: burinsa ya toshe duk wata kafar saɓani tsakanin masu ƙera manhaja, ba ya damu da ɗan koyo ba. Yana fayyace ma'anar kowace kalma, amma ba ya gaya maka ta ina za ka fara idan kana son lambar shafi ta fito a ƙasa. Daɗin daɗawa, Jade ba ta zartar da dukkan abin da ke cikin kundin ba. Ɓangaren ƙawata shafi ta ɗauka, ta bar ɓangaren juya rubutu, sannan Clark ya ƙara mata wasu dabaru nasa da babu su a kundin. Ke nan mai koyo na fama da abu biyu: abin da kundi ya ce, da abin da manhaja ke yi.

Wasu mutum biyu da ke Jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada a lokacin, Paul Prescod da Daniel Germán, kowannensu ya rubuta ɗan darasi na share fage ya sa a intanet, kuma mutane da yawa ta nan suka shiga harshen. Sai dai share fage ba shi ne karatu ba. Wanda ya gama waɗannan darussa ya so ya tsara jadawali mai sarƙaƙiya ko fihirisa, sai ya koma yana tambayar waɗanda suka riga shi, su kuma su yi ta maimaita amsa ɗaya ga baƙi daban-daban.

Kiran Gayya

Daga wannan hali ne aka samu shawarar a haɗu a rubuta abin da aka sani wuri guda. Wani ƙaramin kamfanin ba da shawara kan SGML mai suna Mulberry Technologies, da ke garin Rockville a jihar Maryland ta Amurka, shi ya ba aikin masauki a 1997, wani ma'aikacinsa kuma, Tony Graham, ya zama mai kula da shi. Aka kira aikin da sunan shirin rubuta bayanan DSSSL, aka kuma buɗe ƙofa ga duk wanda ke da abin bayarwa.

Aikin ya kasu gida uku, kuma yana da kyau mu lura da bambancinsu, domin a nan darasin yake. Kashi na farko shi ne babbar jagora, littafi mai babi-babi da zai ɗauki mai koyo tun daga tushe har ya ƙware. Aka tsara jerin babin domin kowa ya ɗauki wanda zai iya. Kashi na biyu shi ne abin da suka kira littafin girke-girke, wato tarin gajerun amsoshi, kowace na warware matsala guda, kamar yadda littafin girki ke nuna yadda ake haɗa miya ɗaya ba tare da ya koyar da ilimin abinci gaba ɗaya ba. Kashi na uku kuwa rumbu ne na ƙananan umarni da aka riga aka rubuta aka gwada, wanda mutum zai ɗiba ya sa a takardar fasalinsa.

Idan muka auna nauyin da kowane kashi ke ɗora wa mai sa kai, za mu ga ba ɗaya suke ba. Girki guda aikin dare ɗaya ne: mutum ya riga ya warware matsalar a wurin aikinsa, abin da ya rage ya rubuta ta ya aika. Babi kuwa aikin makonni ne. Yana buƙatar marubucin ya san abin da babin baya ya koyar domin kada ya maimaita, ya san abin da na gaba zai kawo domin kada ya yi azarɓaɓi, ya kuma yi amfani da kalmomi iri ɗaya da na sauran marubuta. Wanda ya fi kowa sanin harshen shi ne kuma ya fi kowa ƙarancin lokaci. Sakamakon bai ba da mamaki ba: girke-girke da rumbun umarni sun taru sun amfani jama'a, amma babbar jagora ba ta taɓa fitowa a matsayin kammalallen littafi ba. Sai a 2003 aka samu cikakken littafi a kan harshen, mai suna The DSSSL Book, kuma mutum ɗaya ne ya rubuta shi, wani malami ɗan ƙasar Sifen mai suna Javier Farreres.

Abin da Ya Sha Kan Aikin

Ba adalci ba ne mu ɗora laifin a kan masu gayyar kawai, domin kuwa ƙasa ce ta motsa a ƙarƙashin ƙafafunsu. A daidai lokacin da suke tsara babi, hankalin duniya ya koma kan yanar gizo. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, ta fitar da XML a watan Fabrairu na 1998, wanda SGML ne aka rage masa nauyi. Tun kafin nan, a watan Agusta na 1997, an miƙa wa ƙungiyar shawarar wani sabon harshen fasali mai suna XSL, wanda ya ɗebo tunaninsa daga DSSSL amma ya yar da baka-biyun Scheme, ya koma rubuta umarni da irin alamomin XML. Abin lura shi ne, daga cikin waɗanda suka sa hannu a wannan shawara akwai Sharon Adler da Anders Berglund da James Clark, wato iyayen DSSSL da kansu. Clark ne ya zama editan XSLT, wanda aka tabbatar a watan Nuwamba na 1999. A wannan shekara ce kuma wasu masu sa kai suka karɓi kula da Jade suka ci gaba da ita da sunan OpenJade.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mai sa kai da ke da sa'o'i kaɗan a mako dole ya tambayi kansa, a kan harshen jiya zai kashe su ko a kan na gobe? Shekara 8 da aka ɗauka ana daidaita DSSSL ta cinye lokacin da ya kamata a ce an yi ana koyar da shi. An ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kafin maƙeran jagora su gama hura wuta, ƙarfen ya fara hucewa.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fito daga nasara ba daga faɗuwa ba. Wani masani mai suna Norman Walsh ya rubuta cikakkun takardun fasali na DSSSL domin DocBook, wani tsarin SGML da aka fara a 1991 domin rubuta littattafan kwamfuta. Takardun nasa sun yi kyau ƙwarai, har ya zama mai son buga littafi ba ya buƙatar koyon DSSSL. Ya ɗauki na Walsh, ya sauya girman shafi ko samfurin harafi, ya wuce. Da su aka riƙa buga bayanan Linux da FreeBSD shekaru da yawa, masu manhajar PostgreSQL kuwa ba su rabu da DSSSL ba sai a 2017. Wato harshen ya yi aiki kusan shekara 20 a hannun mutanen da akasarinsu ba su iya shi ba. Idan tela ɗaya ya wadatar da gari da ɗinki, masu neman koyon ɗinki kan ragu, mai rubuta littafin koyon ɗinki kuma gwiwarsa ta yi sanyi.

Gayyar da Ta Ɗore

Domin kada mai karatu ya ɗauka cewa irin wannan gayya ba ta taɓa yin nasara, bari mu dubi wani harshen fasali, tsaran DSSSL, wato CSS. Wani ɗan ƙasar Norwe mai suna Håkon Wium Lie ne ya kawo shawararsa a watan Oktoba na 1994 yana aiki a cibiyar CERN, Bert Bos ɗan ƙasar Holan ya haɗu da shi, aka tabbatar da kashin farko a watan Disamba na 1996. CSS bai kai DSSSL ƙarfi ba a lokacin, amma yana da sauƙin koyo, kuma shi ne masu manhajar shiga yanar gizo suka ɗauka.

Shi ma ya yi fama da rashin ingantacciyar jagora. Kamfanin Netscape yana da wani rumbun bayanai mai suna DevEdge, wanda aka rufe a 2004. A 2005 gidauniyar Mozilla ta samu izinin amfani da abin da ke cikinsa, ta ɗauki wata ma'aikaciya mai suna Deb Richardson domin ta jagoranci aikin, aka buɗe sabon rumbu wanda daga baya aka san shi da MDN, inda a wancan lokaci kowa ke iya gyara shafi ko ƙara sabo. Bambancin wannan da gayyar 1997 a fili yake. Ba a fara da farar takarda ba, an fara ne da tsohon rubutu da ke jiran gyara, kuma gyara ya fi ƙirƙira sauƙi. An yanka aikin ƙanana-ƙanana, kowane umarni na CSS da shafinsa, kuma duk shafukan zubinsu ɗaya: ma'ana, yadda ake rubutawa, misali, sai manhajojin da ke karɓarsa. Akwai kuma 'yan ma'aikata kaɗan da ake biya, waɗanda aikinsu shi ne bin bayan masu sa kai suna daidaita abin da suka kawo. Har ila yau a wancan lokaci sukan shirya zaman rubutu na 'yan kwanaki, a taru a ɗaki ɗaya a yi aiki a tashi.

Kuɗi kaɗai ba su ne sirrin ba. A 2012 ƙungiyar W3C tare da manyan kamfanoni irin su Google da Microsoft da Adobe suka buɗe wani sabon rumbu mai suna WebPlatform domin irin wannan aiki, amma bai yi shekaru masu yawa ba aka dakatar da shi, kuma a 2017 Google da Microsoft da Samsung suka amince su mayar da ƙarfinsu kan MDN. Shi ma MDN bai tsira daga girgiza ba. A watan Agusta na 2020 Mozilla ta sallami ma'aikata kimanin 250, ciki har da akasarin marubutan rumbun. Da aka ga abin da ke shirin faruwa, a watan Janairu na 2021 aka kafa wata ƙungiya mai suna Open Web Docs, wadda kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane ke tara wa kuɗi domin a ci gaba da biyan 'yan marubutan da za su riƙe aikin. Ma'ana, bayan shekara 15 na aikin sa kai, masu abin sun yarda cewa gayya ba ta tafiya in babu wanda aikinsa ke nan kullum.

Wannan ba sabon darasi ba ne. A 1857 wata ƙungiyar masana harshe a birnin Landan ta kira gayyar tattara kalmomi domin babban ƙamus na Ingilishi, wanda daga baya ya zama ƙamus na Oxford. Masu sa kai sun aiko da takardu masu ɗimbin yawa, amma aikin ya yi ta jan ƙafa fiye da shekara 20, wasu takardun suka ɓace, wasu suka lalace. Bai miƙe ba sai a 1879 da aka ɗauki wani malamin makaranta, James Murray, a matsayin edita mai albashi, ya gina rumfa a gidansa mai ramukan ajiya fiye da 1,000, ya kuma bayyana wa masu sa kai ainihin abin da yake so su rubuta a kowace 'yar takarda. Duk da haka kashin farko bai fito ba sai a 1884, Murray ya rasu a 1915, aikin kuma ya kammala a 1928.

Darussa ga 'Yan Ƙungiya

Idan muka koma ga gayyar gona da muka tashi muka tarar, za mu ga kakanninmu sun riga sun warware wannan matsala. Gayya tana da mai ita, wanda zai bi gida-gida ya yi kira, ya riga kowa isa gona, ya kuma zama na ƙarshen tashi. Tana da rana guda da aka sa, ba a cewa kowa ya zo ran da ya samu sarari. Gonar tana da iyaka da kowa ke gani, kuma kowane mutum kunya ɗaya yake kamawa, in ya kai ƙarshenta ya kama wata. Sannan akwai fura da tuwo, akwai makaɗi mai kiran sunan wanda ya yi fice. Duk gayyar rubutun da muka ambata a sama, gwargwadon yadda ta cika waɗannan sharuɗɗa ne ta ci nasara.

Saboda haka, idan ƙungiya ta yi niyyar haɗa littafi, ko jagorar ƙa'idojin rubutu ce ga masu tasowa, ko tarihin marubutan wani yanki, muna ganin abubuwa biyar sun wajaba. Na ɗaya, a naɗa edita guda da sunansa, ba kwamiti ba, kuma a nema masa ko da kuɗin mota da na waya ne. Na biyu, a yanka aikin daidai abin da mai iyali zai iya gamawa a zama ɗaya ko biyu. A nemi shafi biyu daga mutum 30 ya fi a nemi babi daga mutum 6. Na uku, edita ya rubuta samfuri guda ya raba, domin kowa ya ga zubin da ake so da kalmomin da aka amince da su. Na huɗu, a sa ranar rufewa ta kusa, kuma duk wanda ya riƙe wani kashi bai kawo ba, a karɓa a ba wani ba tare da gaba ba, domin babin da aka rubuta sunan mutum a kansa ya fi babin da ba mai shi wuyar cikawa. Kowa na jin nauyin taɓa shi. Na biyar, a fitar da abin da ya samu kashi-kashi, ko a shafukan mujalla irin wannan ne, kada a jira sai komai ya cika. Abin da ya amfani jama'a daga gayyar DSSSL shi ne abin da aka saki tun da wuri.

Kammalawa

DSSSL ya ja baya, amma tunaninsa bai mutu ba, domin ya zuba a cikin XSL, kuma raba rubutu da fasalinsa ya zama abin da kowane shafin yanar gizo da kowane littafin lantarki ke tafiya a kai. Waɗanda suka amsa kiran 1997 ba su gama littafin da suka yi niyya ba, amma sun bar abin da ya fitar da mutane da yawa daga duhu a lokacin da ba wani haske. Ba mu kawo tarihinsu domin mu yi musu dariya ba, sai domin mu duba namu kundayen da ke kwance a akwatunan sakatarori, waɗanda aka raba babinsu a taro cikin tafi da murna, har yau ana jiran mutum biyu ko uku. Muna kira ga shugabannin rassa da su zaƙulo irin waɗannan ayyuka a taronsu na gaba, su ƙirga abin da ya samu, su naɗa wanda zai riƙe, su sa rana. Allah ya ba mu ikon gama abin da muka fara, amin.